Kuɗina Sun Dawo da Ƙafa Huɗu

Sallama gare ku masu bin labarina a waya, da wadda ke karantawa tana jiran tukunya ta tafasa, da wadda ta ɓoye wayar ƙarƙashin tebur a buro, wato ofis. Ga wadda yau ta fara leƙowa, sunana Ummul-Khairi, a gida Hairi ake kirana. A Ƙonni nake, bayan tashar mota, lalle da kitso ne sana'ata. An sa aurena da Sadisu bayan an gama yankan gero. Yau zan ba ku labarin abin da ya tsaya mini a ƙirji wata da watanni, da yadda ya sauka ranar Litinin ɗin nan da ta wuce. Har yanzu in na tuna sai in yi ajiyar zuciya, in yi dariya ni kaɗai.

Ina da ƙawa, Kubura. Benci ɗaya muka zauna a lakwal, makarantar boko ke nan, kwano ɗaya muke sa hannu. A lokacin a wurin gwaggonta take zaune a nan Ƙonni, amma gidansu a Bazaga yake. Shekarar da ruwa ya yi gardama, dabbobin babanta suka ƙare, wasu suka mutu, wasu aka sayar aka sayi hatsi. Kubura ta ajiye karatu ta koma gida.

Damina biyu ke nan da suka wuce, wata Laraba, ranar kasuwarmu, ta zo ta tarar na kwashi adashena. Jika arba'in ne na sefa, wato dubu arba'in, na naɗe su cikin gwangwanin madara. Ta zauna a bakin gadona tana ta murza gefen mayafinta, har na ce mata ta faɗi abin da ke bakinta kafin ta huda mayafin.

Ta ce, "Hairi, garkenmu ya koma fili. Ko kaza babu mai tashinmu da safe. Da zan samu abin da zan sayi akuya guda, da na tsaya da ƙafata."

Na buɗe gwangwani na juye mata a cinya. Ba ta ce yaushe ba, ni ma ban ce yaushe ba. Mu gidanmu 'yan kasuwa ne, kakana fatauci ya kawo shi daga Sakkwato. A wurinmu in an ce za a sayi dabba, to kiwatawa za a yi, Sallah ta zo a sayar, a mai da wa mai kuɗi kuɗinsa. Haka na ɗauka, ban ga abin tambaya ba.

Sallah ta zo ta wuce, ban ji komai ba. Na ce ko ba ta samu ciniki ba ne. Da farko muna waya kamar da, ta aiko mini da murya tana ba ni labarin ƙauye, ni kuma in ba ta na gari. Sannu a hankali muryar ta riƙa gajarta. Daga "ƙawata ta kaina" aka koma "lafiya lau," daga nan sai in ga alamar ta buɗe saƙona ba amsa. Wata Laraba na hango ta a layin masu tabarmi, na ɗaga hannu, sai ta sunkuya kamar mai gyaran takalmi, ta shige bayan tulin tabarmi ta ɓace. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da hannuna a sama kamar mai tare taksi.

Ku da kuka taɓa ba ƙawa rance kun san yadda abin yake. Kuɗin ba su fi ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ka ga abin dariya a hanya, ka ɗauko waya za ka gaya mata, sai ka tuna yanzu in ka kira za ta zaci bashi kake bi. Sai ka mai da wayar jaka, dariyar ta huce a cikinka.

Ni ma ban zauna shiru ba. Na shiga ɗora maganganu a statuna na WhatsApp. Yau in rubuta cewa amana ta yi tsada a zamanin nan, gobe in sa hoton wata mata tana kuka da rubutu a ƙasa game da ƙawayen ƙarya. Kowane na ɗora, sai in je in duba waɗanda suka gani. Sunan Kubura na nan kullum, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Da aka sa rana, Inna ta taso ni gaba. Ta yi mini gado da kwanuka da labule, saura katifa, kuma ta ce ba za a kai ɗiyarta ɗakin miji da katifar soso mai lotsawa ba.

Kullum da safe tana tankaɗe tana cewa, "Ke Hairi, kuɗɗin nan naki sun yi aure a Bazaga ne? Ko sun haihu can ba a gaya muna suna ba?"

"Inna, za ta kawo."

"Da wane hannu? Wanda take ɓoye fuska da shi a kasuwa? Ni ba na ƙin yarinyar, ta ci tuwona ta wanke mini kwano. Amma katifa ba a biyan ta da zumunci."

Yanzu bari in kawo ku wurin Sadisu, don a nan abin ya cakuɗe. Sadisu ɗan gayu ne na gaske. Yana jigilar albasa da moto, wato babur, tsakanin Dogarawa da Ƙonni, amma in zai zo hira bayan la'asar sai ya yi wanka ya sa shadda mai guga, hula a karkace, turare kamar ya faɗa cikin kwalba. To tun sanyin bara sai na fara jin wani abu a ƙarƙashin turaren. Wani wari ne mai nauyi, mai maiƙo, wanda ke zama a maƙogwaro. Ba kullum ba, sai wasu ranaku. Ya tafi ya bar shi a tabarmar zaure, har kyanwar gidanmu ta daina kwanciya a kai.

Na yi ta tunanin abin. Na ce ko albasa ce ta ruɓe masa a buhu. Na ce ko wani ciwo ne yake ɓoyewa. Har mafarki na yi na ga Sadisu ya tsiro gemu mai tsini yana tauna gefen zanena, na farka ina neman tsari. Kunya ta hana ni tambaya. Yaya za ki dubi saurayinki ki ce masa yana wari? Sai dai na sayo masa sabulu mai ƙamshi na ce kyauta ce. Ya karɓa yana godiya, mako na zagayowa ya dawo da warinsa.

Sai ranar Asabar wata mata da nake yi wa kitso, mai kawo nono daga wajen Bazaga, ta ce da ni, kanta a cinyata, "Ashe angonki ɗan gida ne a wurinmu. Moto ɗinsa ba ya wuce mako bai tsaya ƙofar gidan Barmo ba."

Barmo shi ne baban Kubura. Na ja gashin matar nan har ta ce wayyo. Na ba ta haƙuri, na ƙarasa kitson a gaggauce. Layin ƙarshe a karkace ya fita, ban karɓi kuɗinta ba.

Da yamma Sadisu ya zo cikin shadda ruwan toka, da warin nan nasa. Ban shimfiɗa masa tabarma ba.

Na ce, "Mi kake zuwa yi Bazaga?"

Ya cire hula ya duba cikinta kamar amsar na ciki. "Wa ya gaya miki?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ummu, ranki ya daɗe, na yi alkawari. Ba abin da kike zato ba ne. Ki ba ni ɗan lokaci kaɗan."

"Alkawari da wa? Da wadda ta riƙe mini kuɗi take gudu na a kasuwa?"

Ya mai da hular kansa. Na shige gida na bar shi tsaye. Saƙonsa ya biyo ni: "Wallahi in kin gani da idonki dariya za ki yi." Wani ya sake shigowa: "Kin ci abinci?" Na kife wayar a kan gado.

Na wuni Lahadi ina juya abin. Abin mamaki, ba Sadisu ne ya fi tsaya mini a rai ba. Kubura ce. Na riƙa tuna ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a lakwal ta goyo ni har gida, tana haki tana zagina wai na cika nauyi. Na ce in ma rabuwa za mu yi, sai na ga fuskarta tukuna.

Litinin da safe na sa atamfata kore mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali na yafa farin mayafi, na sa takalmi mai tsini don kada a ce na zo a wulaƙance. Inna ta bi ni har zaure.

"In kin tahi, kada ki tsaya gaisuwar awa guda. Ki ce katifa. In babu duka, ki amso rabi."

Na hau kabu-kabu. Hanya duk gero ne ya sunkuyar da kai, ga amalanken jakuna ɗauke da harawar wake. Ni kuwa ina ta shirya maganganun da zan faɗa, ina gyara su, ina ƙara musu kaifi. Takalmin nan mai tsini kuwa, ina sauka ya nutse cikin rairayi, sai a hannu na ƙarasa da shi.

Ban kai ga yin sallama ba warin ya tare ni. Shi ne, ba wani ba. Warin tabarmar zaurenmu, warin shaddar Sadisu, amma a nan ya ninka. Na bi shi da hanci, sai ga wani baƙin bunsuru ɗaure a gindin aduwa, gemunsa mai tsini, yana kallona a karkace kamar ya san ni. Na tsaya da takalmi a hannu. Irin gemun da na gani a mafarki ne sak.

Baba Barmo na zaune a inuwa yana tufka igiya. Ya ɗago ya gane ni, fuskarsa ta washe.

"Maraba da mai dukiya. Kubura, fito, ga uwar garke ta zo da kanta."

Kubura ta fito daga bayan rumbu da ƙwaryar dusa a hannu. Ta rame, ta yi duhu. Da ta gan ni sai ta tsaya cak. A bayanta wata jar akuya ta biyo ta, ƙahonta ɗaya ya miƙe, ɗaya ya lanƙwashe ya kusa taɓa kunne, da wani tsohon ɗankwali ɗaure a wuyanta. Na gane ɗankwalin, ni na ba Kubura shi tun muna lakwal. 'Yan awaki biyu mata, jajaye, sai tsalle suke a gefenta.

Duk maganganun da na shirya a hanya suka watse. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kubura, don mi kike gudu na?"

Ta ajiye ƙwaryar. "Ke kuma don mi kike zagina a statu? Duka na gani. Sai na kai waya caji wurin mai sola, in biya, in buɗe, in karanta zagina."

"Ban kira sunanki ba."

"Ƙawayen ƙarya nawa gare ki masu riƙe da kuɗinki?"

Baba Barmo ya yi gyaran murya ya nuna mana tabarma. Muka zauna nesa da juna. Ya ci gaba da tufkarsa yana magana a hankali.

"Ɗiyata, ina jin ba ku fahimci juna ba tun farko. Mu a wurinmu, tun kakanni, in garken mutum ya mutu, amininsa kan kamo mace guda ya ba shi aro. Habbanaye muke ce masa. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a sa mata rana. Tana nan hannunka har ta haihu ta yaye. 'Ya'yan naka ne, ka tashi garke da su, uwar kuma ka mai da ta ga mai ita da ƙibarta. Ranar da Kubura ta shigo da akuyar nan ta ce ke kika ba ta, na tara maƙwabta na gaya musu wata ɗiyar birni ta yi muna abin da dangi ba su yi ba. Ko da muka kwana da yunwa, wagga ba ta kwana da ita ba."

Na dubi Kubura. "To don mi ba ki gaya mini haka ba?"

"Na zaci kin sani. Wa bai san wannan ba?" Ta share hanci da gefen zane. "Da na gane kuɗi kike jira, lokacin abin ya riga ya lalace mini. Akuyar ta ƙi ɗaukar ciki, Hairi. Duk bunsurun garin nan an kawo mata, sai ta hau kan turmi ta tsaya tana kallon sama kamar mai jiran jirgi. Mata suka fara magana a bakin rijiya. Wai dabbar aro ba ta ƙin haihuwa sai in wanda ya bayar bai bayar da zuciya ɗaya ba. Sunanki suke taunawa. In zo in ce miki mi? In ce abin da kika ba ni ya ƙi albarka? In na sayar kuma na kawo miki kuɗi, na tabbatar musu da maganarsu ke nan."

Ni ina can ina ɗora hoton mata mai kuka, ita tana nan tana faɗa da matan rijiya a kan sunana.

Na ce, "Sadisu fa?"

Sai ta fashe da dariya da hawaye a fuskarta. "Bawan Allah. A hanya na tare shi na roƙe shi, na sa shi ya yi alkawari ba zai gaya miki ba sai ta yaye. Bunsuru uku ya ɗauko mata a moto, ɗaure a bayansa kamar goyo. Na farko ta tunkuye shi, na biyu ko kallo bai ishe ta ba. Wannan baƙin mummunan na Dogarawa shi ta ga dama. Mai shi ya ce ba ya ba da aro, sai Sadisu ya saye shi. Tun daga nan yake kawo muna dusa duk mako, shi kuma bunsurun da ya gan shi sai ya yi ta goga masa kai a riga."

Na ce, "Sabulu nawa na saya saboda dabbar nan."

Muka yi ta dariya har Baba Barmo ya ce mu yi a hankali kada mu firgita masa jikoki. Ban san lokacin da na matsa kusa da ita ba, sai ji na yi kaina a kafaɗarta. Warin hayaƙi da dusa take, ban ɗaga ba.

Ta ce an yaye 'yan awakin tun makon jiya, so take ta kawo mini uwar ranar kamu, a gaban mutane. Na ce ba zan iya komawa wurin Inna hannu wofi ba. Baba Barmo ya ce, "Taki ce, ɗiyata. In kuɗi kike so, Laraba ba nisa." Na ga Kubura ta kau da kai tana shafa ƙahon nan lanƙwasasshe. Na tashi na ɗauki igiya na ɗaura wa akuyar.

A amalanken jaki muka dawo, ni da Kubura da akuya a tsakiyarmu. Tun daga Bazaga har muka hau kwaltar Ƙonni bakinmu bai rufe ba, labarin damina biyu muke biya wa juna. Akuyar kuwa kanta a sama, tana bin gajimare da ido.

Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa muka shigo. Ta dubi Kubura, ta dube ni, ta dubi abin da ke ƙarshen igiya.

"Mi ke nan?"

"Kuɗina ne, Inna."

Kubura ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayani. Inna ta saurare ta har ƙarshe. Ta ajiye faifai ta taso, ta buɗe bakin akuyar ta duba haƙora, ta shafa bayanta, ta matsa hantsar. Sai ta sa tafin hannu a gefen cikin ta daɗe tana saurare da hannun.

"Wagga ai ciki gare ta."

Kubura ta ce, "Ƙarami ne, Inna. Ba a mai da ta wofi."

"Biyu ta haifa wancan karon?"

"Biyu, duka mata."

Inna ta miƙe ta karkaɗe zane. Na ce a hankali, "In kai ta kasuwa Laraba saboda katifar?"

Ta harare ni. "Kina da hankali kuwa? Katifa haihuwa take? Ki kwanta kan ta soso, ba a kanki aka fara ba." Ta juya ga Kubura. "Ke kuma tashi ki wanke hannu, kin rame kamar ba ki da uwa a garin nan. Akwai sauran dambu a tukunya."

Na shiga ɗaki na goge statun da ke kai, na sa hoton akuyar da ƙahonta ɗaya a karkace, ban rubuta komai a ƙasa ba. Sannan na aika wa Sadisu: "Na gani da idona. Na yi dariyar. Ka yi haƙuri." Kafin in ajiye wayar ya amsa: "Yanzu a bar saya mini sabulu?"

Ina cikin murmushi Inna ta leƙo ta labule, da igiyar akuyar har yanzu a hannunta.

"Ki gaya wa yaron nan, tunda akuyar ba ta yarda da kowa sai baƙin nan nasa, to ya sa shi cikin kayan lefe. In ba haka ba kada a kawo mini akwati ko ɗaya."

Na rubuta masa kamar yadda ta faɗa. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, sannan saƙon ya shigo: "Ummu, akwai matsala. Na riga na ba Baba Barmo shi aro, irin nasu. Ya ce zai maido mini da zarar ya haihu."

Na miƙa wa Kubura wayar, shigowarta ɗakin ke nan, bakinta cike da dambu. Ta karanta, ta ƙware, na shiga bubbuga mata baya. Inna kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, tana jiran in gaya mata abin da ya ce.